Shanu a Gonar Makaranta

Ku 'ya'yana, musamman kai Abba, akwai maganar da kuka girma kuna ji a gidan nan, wai ni da bakina na tashe mu daga cikin gari na kai mu bayan duwatsu. Ban musa ba, bakina ne. Amma abin da bakin ya faɗa, da dalilin da ya sa ya faɗa, ban taɓa zaunar da ku na gaya muku ba. A lokacin kuna ƙanana, da kuka girma kuma sai na tarar kowa ya riga ya yanke hukuncinsa ya ajiye. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni wuri ɗaya, hannu kuma bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta muku shekarar nan yadda na san ta.

A wajen ƙarshen shekarun tamanin, zamanin soja, ni ne mai duba makarantun firamare na ɗan yankinmu. Makarantun ba su da yawa, amma a warwatse suke, wata a bakin ruwan Tiga, wata a kan hanyar Burumburum, wasu can cikin ƙauyukan da idan damina ta nutsa kai za ka tura babur maimakon ya ɗauke ka. Ba tarho, ba jarida, don haka duk abin da ya faru a wata makaranta a bakina sauran za su ji. Kafin in kashe babur malamai sun firfito suna tambayar me ake ciki, ni kuwa Allah bai yi ni mai rowar magana ba. Da haka suka laƙaba mini suna Rediyo, ku kuma aka riƙa ce muku 'ya'yan Rediyo. Innarku ta tsani sunan nan kamar me. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, daɗinsa nake ji.

A ƙarshen kowane zangon karatu akan yi taro, wannan karon a wannan gari, wani karon a wancan. Hakimi ya zo, dagatai su zo, iyaye su cika fili, a ɗaura lasifika a jikin bishiya a miƙo mini abin magana. Aikina shi ne in ba da labaran makarantu: wacce ta ci ƙwallo, wacce yaranta suka fi cin jarrabawar shiga sakandare, garin da ya yi gayya ya mayar da rufin ajin da iska ta yaye, yarinyar da ta karanta shafi guda na Turanci ba ta yi tuntuɓe ba. Na tuna shekarar da yaran bakin Tiga suka haƙa ɗan tafki a bayan aji suka zuba tarwaɗa. Na gyara murya na ba da labarin, har wani dagaci ya tura a gano masa zurfin ramin don nasa yaran su haƙa wanda ya fi shi. Kada ku raina wannan abu. Mutumin ƙauye idan ya ji sunan garinsu a lasifika gaban Hakimi, washegari da kansa zai koro ɗansa makaranta. Akwai kuma wata garkuwa ta katako da ake ba makarantar da gonarta ta fi albarka. Takan shekara rataye a zauren dagacinsu, kowane baƙo sai an nuna masa ita kafin a kawo masa ruwa.

Makarantar da ta fi kowacce ƙanƙanta ita ce ta Gidan Marke. Hedimastanta Malam Ɗanladi, mutum ne mai sanyin magana, in mun zauna ni nake yin surutun mu biyu. Gonar makarantarsa ta gaji, ƙuduji ya cinye ta, dawa ko ƙugu ba ta kaiwa, takin zamani kuwa ba ya isowa irin waɗannan wurare. Sai ya yi abin da manomin ƙasarmu yake yi tun kakanni. Da aka gama kaka ya je ya gayyato Fulani su zo su kwantar da shanunsu a gonar, su ci kara da harawa, su sha a rijiyar makaranta, su bar masa taki. Arɗo Buba ne ya amsa, ya zo da iyalinsa da na 'yan'uwansa, suka kafa bukkoki a ƙarshen gonar, daidai inda filin ƙwallo ya ƙare.

Taki Malam Ɗanladi ya nema, sai Allah Ya haɗa masa da ɗalibai. Yaran rugar da ba su isa bin shanu ba, da 'yan matan da suka gama taya iyayensu tatsa, ba su da abin yi da hantsi, ga kuma aji nan a gabansu ana rera baƙaƙe. Da farko ta taga suke leƙe, in malami ya juyo su watse. Daga nan suka dawo bakin ƙofa. Rannan na je ziyara na tarar da su a ciki zaune a ƙasa, ana tambaya suna ɗaga hannu. Shekara da shekaru hukuma tana aika mu mu roƙi makiyaya su ba da 'ya'yansu, muna zuwa ana ba mu nono mu sha mu dawo hannu rabbana. Ga shi abin da roƙo ya kasa, kashin shanu ya yi.

Na taka har rugar don in gode wa Arɗo. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiyar hanya, amma na ga bai saki jiki ba.

"Modibbo," ya ce, don haka yake kirana, "mu mun san hukuma. Yau ta ce zauna, gobe ta ce tashi. In yaran nan suka saba da allon nan naku, ran da aka tashe mu, da me zan rarrashe su?"

Na ce, "Arɗo, muddin ina aikin makaranta, shanunku suna da wurin kwana, yaranku suna da wurin zama."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

Ya ce, "To, Allah na ji."

Haka aka yi rani bayan rani. Da ruwa ya sauka sai su kwashe shanun su koma mashekarinsu a gefen daji don a yi shuka, amma wasu yaran sun riga sun ɗanɗana, da ƙafa suke takowa ko cikin damina. Gonar kuwa ta farfaɗo har ba ka hango mutum a cikin dawar. Na ba da labarinta a lasifika ba sau ɗaya ba, ina jin kaina kamar ni na noma.

Sai aka kawo mana sabon Sakataren ilimi. Ina so ku fahimci wannan, domin na ji wasunku suna ambatarsa kamar wani azzalumi. Ba azzalumi ba ne. Saurayi ne mai ilimi da zafin nama, wanda ya zo ya tarar da filayen makarantu ana cinye su a tsaye. A wani gari, mutane sun yi ta matso da gini har wani ya haɗa katangarsa da banɗakin makaranta. A wani kuma, rabin filin ƙwallo ya zama gonar ƙanin dagaci. Sai ya rantse sai ya kewaye kowace makaranta da waya mai ƙaya da turakun siminti, da ƙofa ɗaya ta shigar mutum, kuma ba dabbar da za ta sake taka filin makaranta. Ya yi ta zarya Kano har aka ba shi kayan. Ni kaina na yi murna, kuma ni na riƙa yaɗa labarin: yau an gama ta gari kaza, jibi za a fara ta gari kaza. Ko kaɗan Gidan Marke ba ta faɗo mini a rai ba, sai ran da muka je can tare da Sakataren.

Tsakiyar rani ne. Muka sauka daga motar ofis, ƙafarsa ta farko a kan kashin shanu ta sauka. Ya ɗaga ido, ga ɗan maraƙi an ɗaure a jikin sandar tuta. Malam Ɗanladi ya rasa inda zai sa kansa. Sakatare ya shiga aji, ya ga yaran, ya yi musu tambayoyi, na ga ma har ya yi murmushi. Washegari ya kira ni ofis.

"Malam, wancan makaranta ce ko turke?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin yaran da ka gani a ajin nan, shanun ne suka kawo su. In shanu suka tashi, sun tashi."

"To su kai shanun wata gona, yaran su riƙa zuwa."

"Gonakin da ke kusa duk da masu su, kuma kowanne da Fulaninsa da suka saba. Wadda za su samu tana da nisa. Ba abin da nake roƙo sai a faɗaɗa ƙofa ɗaya, yadda saniya za ta wuce."

Ya ce, "In na buɗe wa saniyar Gidan Marke, gobe ƙanin dagaci zai zo da tasa hujjar. Doka ɗaya ce ga kowa. Kuma a taron nan mai zuwa, ka tsallake labarinsu. Garkuwar gona a ba wadda ta zo ta biyu. Ba zan saka wa abin da nake shirin hanawa da kyauta ba."

Na koma masa har sau nawa ban sani ba. Na bi ta hannun mataimakinsa, na bi ta hannun wani dattijo da yake jin nauyinsa. Amsar ba ta canza ba. Ana cikin haka aka sauke turakun siminti a Gidan Marke, aka ce da an tashi daga taro masu haƙa za su fara.

Ana gobe taron, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida na kasa cin abincin da aka ajiye mini tun rana. Innarku tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba ta ce,

"Malam, na san wannan shirun. In ka yi shiru a gida, a waje za ka yi magana."

Na ce, "Na yi wa mutum alkawari."

"Ka yi alkawari da gonarka ce? Kai fa albashi kake ci, ba nono ba. Yaron nan yana aji shida, makarantarsu ita ce ta fi kowacce cin jarrabawa, da bakinka kake faɗa. Ka bari ya fita tukuna, sannan ka yi jarumtarka."

"Kafin ya fita an gama shingen."

Ta ajiye rariya ta ce, "To ni dai na faɗa. In aka jefa mu daji, kada ka ce ban faɗa ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce tun tana faɗa. Abba, kai ne yaron nan da take nufi, ka san ba ta kama sunanka. Ban manta da kai ba, ban kuma raina jarrabawarka ba. Na auna ne na ga in na yi magana wataƙila a hukunta ni, wataƙila a ƙyale ni. In na yi shiru kuwa babu wataƙila, yaran can sun tafi ke nan. Kuma tsoro ya kama ni ƙwarai, kada wani ya ce muku ban ji tsoro ba.

Aka yi taro, fili ya cika. Na ba da labarai yadda na saba. Na faɗi waɗanda suka ci ƙwallo, na faɗi garin da ya gina sabon aji da gayya, na yabi shinge, na yabi Sakatare da ya ceto filayenmu, kuma har zuciyata na yabe shi. Aka yi tafi. Mai kula da lasifika ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ƙi saki.

"Ran Hakimi ya daɗe," na ce, "saura labari ɗaya. Gonar da ta fi kowacce albarka bana ita ce ta Gidan Marke. Shanun Arɗo Buba ne suke kwana a cikinta da rani, kuma saboda shanun nan 'ya'yan makiyaya suke zaune a aji, abin da muka shekara muna nema. In waya ta zagaye makarantar babu ƙofar da saniya za ta shiga, yaran nan za su bi shanu. Ina roƙon a bar musu ƙofa."

Can baya wani ya kwashe da dariya, wasu suka taya shi, wasu kuma suka yi ta cewa gaskiya ne. Hakimi ya dubi Sakatare, ya dube ni, ya ce za a duba. Ku da kuka yi aikin gwamnati kun san ma'anar za a duba.

Da jama'a suka watse Sakatare ya same ni a gindin babur. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, ka roƙe ni a ofis na ce a'a. Yanzu ka roƙe ni a gaban jama'a, ko ina so ba zan iya cewa e ba. Ka gane abin da ka yi?"

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, har yau ban gama ba. Wataƙila da gaskiyarsa. Amma turaku suna ƙasa a jibge, kuma ni aka ɗora wa faɗa wa mutane abin da ke faruwa a makarantunsu. In na faɗi mai daɗi na ɓoye wanda zai raba yara da aji, to ban san sunan aikin da nake yi ba.

Kafin sabon zango aka karɓe babur, aka ba wani aikin dubawa. Ni kuma aka tura ni can kudu, wajen duwatsun Doguwa, in riƙe wata 'yar makaranta da malamai suke gudu. Muka ɗaure kaya a bayan akori-kura. Innarku ta bar maƙwabtanta, ta yi nesa da danginta na Dangora da take zuwa gani duk ranar kasuwa, ta bar sana'ar ƙuli-ƙulinta da ta kafu. Duk da haka ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Rediyo kuwa ya koma inda masu sauraronsa malami ɗaya ne da awaki.

Kai Abba, kai ka biya mafi tsada. Ka baro aji mai malamai ka zo inda ni kaɗai nake fama da manyan azuzuwa. Ka zauna jarrabawa ba ka ci ba, sa'o'inka suka wuce sakandare suka bar ka kana maimaita aji shida. Na ga yadda ka daina fita ƙwallo. Shekaru bayan haka, a wani bikin suna, na ji ka gaya wa ƙannenka cewa Baba ya zaɓi 'ya'yan Fulani a kanmu. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Shekararka ta tafi, ba ni da yadda zan mayar maka da ita, kuma ban taɓa ganin ta a matsayin ƙaramin abu ba. Abin da nake so ka sani shi ne, a lokacin ban ma ga abin da na saya da ita ba. An kewaye Gidan Marke, da ƙofa ɗaya ta shigar mutum. Malam Ɗanladi ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mai sayen hatsi cewa Arɗo ya kwashe ya yi gaba, aji ya koma rabi. Na zauna na ce, to, na rasa babur, na tauye ɗana, yaran kuma sun tafi. Baƙin ciki irin na wannan damina ban taɓa yi ba.

Aka yi kaka, aka kwashe amfanin 'yar gonar sabuwar makarantarmu, wadda ita ma ba ta fi ta Gidan Marke ta da ba. Gidan da aka ba mu yana jikin makarantar. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na ɗan kishingiɗa, sai na ji tsintsiyar Innarku ta tsaya a ƙofar gida.

"Malam, fito ka ga baƙinka."

Na fito. Shanu ne a gonar makaranta, sun baje suna cin kara, mata suna sauke kaya daga kan jakuna. Ba duka rugar ba ce, ba su kai rabin waɗanda na sani ba. Arɗo Buba yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, ya rame, ƙafafunsa duk ƙurar tafiya. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi hanya da lafiyar dabbobi, kamar jiya muka rabu. Sannan ya ce,

"Modibbo, ka ce muddin kana aikin makaranta. Mun tambaya a kasuwar Burumburum, aka ce har yanzu kana yi."

Na ce, "Ina yi, Arɗo."

"Aka ce kuma taka ba ta da waya."

"Ba ta da ita. Ko ƙyaure ba ta da shi."

Ya juya ya yi magana da Fillanci. Yara suka fito daga bayan shanun, waɗansu na gane su, waɗansu sun yi tsawo har na rasa sunayensu. Wata yarinya tana rungume da guntun allo baƙi, irin wanda Malam Ɗanladi yake yankar musu. Ni da aka sani da surutu, sai na tsaya ina bin yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Abba, kana tsaye a bayana da buta a hannu, ban sani ba ko ka tuna. Da su ka ƙarasa aji shida, kana ta ƙorafin aji yana warin man shanu.

Innarku ta dubi shanun, ta dubi yaran, ta dube ni. Ita da aka raba da kowa nata saboda mutanen nan, ita ce ta fara magana.

"To Malam, tsayuwa za ka yi kana kallonsu? Je ka buɗe aji. Ni bari in ɗora musu ruwan koko."